Hannun da Ke Kan Gwiwata

Ranar Asabar aka kama ni a ƙasar maƙwabta, ni da keken ɗinkin marigayiya matata. 'Yarmu da ke aure a tsallaken iyaka zan kai wa, don wasiyyar uwarta ce. Na ɗaure shi da bel a kujerar gaba, inda mai shi ta saba zama.

Shataletale ne ya kayar da ni. A wajenmu wanda ke cikin da'ira shi ke da hanya. A takarda ke nan. A kwalta kuwa, wanda motarsa ta fi ƙato. A can, mai shigowa ta damanka ake jira, ko amalanke yake turawa. Ina cikin zagayawa, tafiyar mai gaskiya, sai ga amalanken tukwane a hancina. Na taka birki, tukwane suka tsira, usur ya tashi.

Tun kafin in bar gida maƙwabcina mai faci ya ce, "Malam, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura." Na ce masa na karanta littafin dokar hanya tun yana rarrafe. Ashe na garinmu na karanta.

Kada a ce manya ba sa ƙoƙari. Shekara goma sha ɗaya ke nan masu girma, iyayen kwalta, Allah ya ƙara wa jiniyarsu amo, suna zaman daidaita dokokin ƙasashen biyu. A jirgi suke zuwa taron. In sun sauka, jiniya ta share musu dama da hagu. Wa zai gaya musu akwai shataletale?

Jami'in da ya busa usur, sa'an 'yar tawa, ya leƙo ta taga, ya karɓi lasisina.

"Baba, ba ka ga mutum a damanka ba?"

"Na gan shi, yallaɓai. Ai shi ma ya gan ni."

"Mota za ta zauna a ofis sai Litinin, da duk abin da ke cikinta."

Motar ba ta dame ni ba, ta saba zama. Keken ne. Na san ofis, abin da ya shiga da ƙafa huɗu ba ya fitowa da su.

"Baƙo ne kai?"

"Baƙo? Shekara talatin ina zagaya wannan shataletale, zuwa gidan surukai."

"To yaya ba a taɓa tare ka ba?"

Na dubi kujerar gaba. Marigayiya 'yar can ce. Duk lokacin da muka shiga da'irar nan, takan ɗora hannunta a gwiwata, ni kuwa in sassauta mota, in juyo in yi mata murmushi. Kafin in maida ido kan hanya, mai dama ya wuce.

Na gaya masa haka. Ya dubi keken cikin bel ɗinsa, sannan ya miƙo mini lasisina.

"Ka gani, Baba? Ko a cikin motarka na dama ke da hanya. Allah ya jiƙan Mama. Wuce."

Keken ya isa lafiya. Da na ba 'yata labari ta yi dariya har da hawaye, ta ce kowa ya sani ban da ni.

Masu girma, ku ci gaba da zama, ba gaggawa. Ni dai shekara talatin ina zaton so ne, ashe birki ne.