Ranar da Na Gyara wa Makiyaya Alƙibla

La'asar ta same mu a dajin Kebbe muna awon burtali, hadari ya rufe rana. Makiyaya suka tsai da sahu, ni kuwa na zaro na'urar GPS.

Na ce wa dattijonsu, "Baffa, kun karkace. Wannan da tauraron ɗan'adam take magana."

Ashe kibiyarta sai kana tafiya take gane inda ka dosa. In ka tsaya, lalube take yi. Na juya sahun gaba ɗaya, har na ja sallar.

A raka'a ta uku hadari ya yaye, rana ta doke mu a ido.

Da muka sallame, dattijon ya ce, "Malam, yau rana gabas za ta faɗi ke nan?"

Har yau in sun gan ni a kasuwar Tambuwal, sai su ce, "Liman, yau ina gabas ta koma?"