Wayata Ta Sha Ruwan Ofis, Ni Kuma Na Ɓace a Na'ura

Jama'a, ranar Talata na tafi in tabbatar wa hukuma cewa ina raye. Na dawo ban tabbatar ba, wayata kuma ta riga mu gidan gaskiya.

'Yata ce ta saya mini wayar, irin wadda aka ce ko a bokiti ta faɗa ba abin da zai same ta. Da batirinta ya kumbura na kai wa mai gyaran bakin kasuwa, wanda muke ce wa Injiniya. Ya canja batir, ya miƙo mini, ya ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na ɓamɓare gam ɗin kamfani, nawa na shafa. Daga yau ko yayyafi kada ya taɓa ta." Tun ranar a leda nake yawo da ita, kamar maganin asibiti.

To, ofishin da ake tantance mu tsofaffin ma'aikata yanzu ba a shiga da waya, tun da wani marar kunya ya ɗauki hoton silin ya watsa wa duniya. Mai gadi ya sa na zare ledar, wai sai ya ga abin da ke ciki, ya jefa wayar cikin wata robar wanki tare da na sauran, ya tura robar lungu.

Nan dole in yaba wa Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Rufi, ransa ya daɗe. Sau uku yana yanka kirtanin buɗe rufin nan, kowane karo da 'yan jarida. Aikin ya yi kyau sosai: kana zaune a benci kana ganin hadari ba sai ka leƙa taga ba.

Muna layi ruwa ya kece. Awa biyu sannan aka kira ni. Jami'in, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Karanto lambar da muka turo maka a waya."

Na koma wurin mai gadi. Ashe robar nan aikinta na asali tarar yoyo ne, ajiyar waya aikin wucin gadi ne. Wayoyinmu na kwance a ƙasa kamar kifi. Kowa ya tsamo tasa ya girgiza, ta kawo wuta. Tawa ta yi fari sau ɗaya, ta yi shiru.

Jami'in ya ce, "Ba lamba, ba tantancewa. Za ka shiga jerin waɗanda ba a gani ba."

Na ce, "Ɗana, ga ni a gabanka, har tari nake yi!"

"Ni na gan ka, Baba. Na'ura ce ba ta gan ka ba."

Hayaniya ta fito da shugabansu, da lema a hannu, a cikin ofis. Ya juya wayar, ya ce, "An taɓa buɗe ta? Ka gani! Masu gyaran bakin titin nan su ke kashe ƙasa. Za mu kafa kwamiti a kansu." Yana magana ruwa na ɗiga a lemarsa.

Injiniya ya buɗe ta da yamma, ya nuna mini cikinta duk ya jiƙe, ya ce in yi haƙuri. Shi kaɗai ya ba ni haƙuri a duk wunin.

Fanshona ya tsaya sai zagaye na gaba, wata shida. Da na gaya wa mai ɗakina, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, to a hukumance in dafa da kai, ko in fara karɓar gaisuwa?"