Rasuwar Sakatariya, Kwamfutar Indo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da mutanen unguwa suka rage mini, ni Malam Mu'azu Ɗanladi, tsohon malamin adabi, mazaunin Gyadi-Gyadi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu zuwa ganin ƙwaƙwaf rasuwar Sakatariya, kwamfutar marigayiya matata Indo. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a kan teburin falona, a hannun surukina Auwalu, mijin 'yata Sadiya. Taimako ya zo yi.

Waɗanda suka leƙo suka ga fitilarta tana ci, suka koma suna cewa tsufa ya fara taɓa Malam, su sani ni ma na ga fitilar. Gangar jikin tana kunnuwa, har ta fi da sauri. A kanta ma nake buga wannan sanarwa. Amma duk wanda ya saba karanta takarduna zai gane daga lafazina na yau cewa babu kowa a ciki.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne daga kasuwar Farm Centre, ta hannu, da ɗan tabo a murfinta. Indo ce ta saye ta bayan ta bar aikin buga takardu a ma'aikata. Mai shagon ya so ya zuba mata manhajar rubutu ta sata, irin wadda ke cikin kwamfutar kowane mai mutunci a garin nan, Indo ta ce ita ba za ta buga Bismillah a kan kayan sata ba. Ta sa aka ɗora mata ta kyauta, wadda wasu bayin Allah suka ƙera suka bar wa duniya: ga wurin rubutu, ga wurin jadawali, ga wurin shirya lacca. An yi mata dariya. A Kano abin da ba a saya ba kuma ba a sata ba, ba shi da daraja.

Sakatariya ta rayu cikin wadatar zuci. Ba ta taɓa tsayar da ni a tsakiyar jimla tana neman lambar rajista ba. Ba ta taɓa yi mini barazanar rufe ƙofa ba in ban sabunta wani abu ba. Idan an kunna ta, takan yi ƙir-ƙir-ƙir kamar tsohuwa tana neman takalminta a ƙarƙashin gado, sannan ta ja numfashi, fuuu, ta buɗe farar takarda ta jira. Jiran nan nata ya fi hirar yawancin waɗanda na sani.

Ba zan yi mata ƙaryar da ake yi wa matattu ba. Tana da nata. In an turo takarda daga irin manyan manhajojin nan, takan buɗe ta, amma sai jadawali ya karkace, sa hannu ya zame zuwa shafi na gaba. In ta adana abu da irin nata tsarin, masu shagunan buga takardu na Unguwa Uku su juya filash, su juya, su ce fayil ɗin ya lalace. Bai lalace ba, kawunansu ne ba su taɓa gyaruwa ba balle su lalace. Indo ce ta nuna mini yadda ake zaɓar tsarin da za su iya buɗewa, ko a mayar da takardar ta zama kamar hoto yadda ba mai taɓa ta. Haka kuma da farko Sakatariya ba ta jin Hausa ko kaɗan. Kowace kalma sai ta ja mata jan layi a ƙasa, shafi ya koma kamar littafin ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Indo ta zauna ta koya mata, kalma bayan kalma, tana danna kowace tana cewa a karɓe ta, har jan ya ƙare. Na koyar da yara Hausa tsawon rayuwata, ban samu ɗalibin da ya riƙe abin da aka ba shi kamar na'urar nan ba.

Yanzu ga babbar falalarta, wadda saboda ita ake wannan makoki.

Kowa ya san ni da rubuta takardu: zuwa ga kwamitin unguwa kan kwatar da ta toshe, zuwa ga masu wuta, zuwa ga masu Adaidaita da suka mayar da ƙofar gidana tasha. Kowa kuma ya san takardun Malam Mu'azu da ladabi. Har an taɓa karanta ɗaya a taro a matsayin misali. To yau ku ji: ladabin ba nawa ba ne. Ni nakan faɗa, Indo ta buga, kuma tsakanin bakina da yatsunta ake yi wa maganar wanka. In na yi ƙorafi takan ce, “Malam, bakinka wuƙa ce, ni ce kubenta. Ka bar ni in yi aikina.”

Da ciwo ya fara cin ƙarfinta, ta ga ni zan koma bugawa da kaina, da yatsu biyu, idona a kan madannai. Sai ta shiga wani lungu na manhajar, inda ake gaya mata cewa in an buga kaza ta musanya shi da kaza, ta cika shi da halina. In na buga jaki, Sakatariya ta rubuta dattijo. In na buga jakuna, dattawa. Jahilci ya koma rashin fahimta. Ƙarya ce ta koma wataƙila an manta. Sakarai ya koma ɗan'uwanmu. Ban ankara ba sai ranar da na rubuta ƙorafi kan jakunan gaske, masu kunnuwa, na ga an buga cewa dattawan da ke dakon yashi suna yi mana kashi a bakin masallaci. Indo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. A ƙarshe ta ƙara guda ɗaya. Duk lokacin da na rufe takarda da Wassalam, sai na'urar ta ɗora da kanta: Malam, ka sha maganinka. Nakan ɗaga kai, in yi tsaki, in goge layin, in tashi in sha.

Indo ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Aka kai ta maƙabartar Tarauni, masu gaisuwa suka cinye shinkafa suka watse. Da na koma kan tebur na buga takardar godiya, na rufe da Wassalam, sai ga ta. Tun daga ranar ban zauna ni kaɗai a gidan nan ba, sai Asabar ɗin da ta wuce.

Jinyar Sakatariya kuwa ta faro ne da damina, lokacin da masu wuta ke ɗaukewa su kawo kamar mai wasa da makunni, batirinta kuwa ya daɗe da yin ritaya. Ta fara sumewa a tsakiyar aiki. In ta farfaɗo sai ta tambaya ko ina so ta dawo da takardar da ta ɓata, in ce e, ta dawo da ita, ta sake sumewa. Daga baya ta koma yin tambayar kullum, ko babu abin da ya ɓata, kamar tsohon da ke maimaita gaisuwa. Numfashinta ya yi nauyi. Ni dai ban damu ba. Wanda ya yi jinyar mutum ba ya ƙosawa da jinyar na'ura.

Sai Auwalu ya zo gaishe ni, ya tarar tana ƙir-ƙir ɗinta. Auwalu yana da digiri, yana da waya mai ido uku, yana kuma da irin tabbacin da Allah ke bai wa wanda bai taɓa karanta shafi har ƙarshe ba. Ya durƙusa ya ce, “Baba, ai wannan ba komai ba ne, yanzu-yanzu zan yi maganinta.” Ya tambayi wayarsa. Wayar ta ce akwai wata folda da manhajar ke ajiye duk abin da mai ita ya koya mata, in ta rikice a kawar da ita, sabuwa za ta fito. Layi na gaba ya ce a sauya mata suna kawai, kada a goge, don a iya dawo da ita. Na ga layin da idona daga baya. Auwalu bai kai nan ba. Ya goge, ya bi ta kwandon shara ya zubar, sannan don ladan ya cika ya saka wani abin share-share ya bi bayanta. Sakatariya ta buɗe fes, babu tari, babu tambaya. Ya ce, “Baba, gwada ka gani, ta zama yarinya.”

Na gwada. Dama ina da takardar da zan rubuta wa shugaban kwamitin unguwa kan kwatar nan, wato Alhaji Shehu na Darmanawa, wanda ya bar mana gidan haya da kwata ya koma can, amma bai bar kujerar ba. Alhaji Shehu kuwa shi ne mahaifin Auwalu. Na sunkuyar da kai na buga yadda na saba, zuciyata sake, don na san akwai mai tacewa. Na rufe da Wassalam, na ɗaga kai in goge layina. Babu layi. Farin wuri kawai, da ɗan sandan nan yana ƙiftawa. Ban san tsawon zaman da na yi ina kallon wurin ba. Abin da na sani, firinta ta yi kukanta, Auwalu ya ninke takardar ba tare da ya duba ba, saboda ladabi, ya ce ai gidan zai wuce, bari ya kai wa Alhaji da hannunsa.

Haka surukin 'yata, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ɗaurin aure saboda kunya, ya buɗe takarda a gaban baƙinsa ya karanta: Zuwa ga shugaban jakunan kwamitin unguwa. Sauran ba sai na maimaita ba, na ji an riga an haddace shi a teburin mai shayi. Abin da ya fi ciwo, duk abin da ke ciki gaskiya ne, kuma rubutun ya yi kyau.

Tun ranar Sadiya ba ta tako gidan nan ba, ita da ke zuwa duk yamma da miyar kuka. Ta kira sau ɗaya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, “Baba, a gidan nan fa nake zaune. Da wane ido zan kai wa Alhaji abinci?”

An yi ƙoƙarin ceto. Na ɗauki marigayiyar a Adaidaita zuwa wurin Chibueze mai gyara, wanda ya duba cikinta yini guda, ya dawo mini da ita da hannu biyu ya ce, “Baba, wanda ya yi wannan shara ya iya shara.” Shi kaɗai ne ya yi mini ta'aziyya yadda ta dace, bai kuma karɓi ko sisi ba.

Marigayiyar ta bar firinta guda, mai ciwon haƙarƙari, wadda ba ta da laifi sai biyayya. Ta bar caja da aka ɗaure da salatif, da filash mai ɗauke da takarduna na shekaru, duka masu ladabi, waɗanda yanzu nake karantawa kamar wasiƙun wani mutumin kirki da ban sani ba. Ta bar ni.

Masu zuwa gaisuwa su kiyaye abu kaɗan. Kada wanda ya ce mini ai ana iya sake cika lungun nan da kalmomi. Na sani, na fi ku sanin inda yake. In na cika shi da hannuna, ni ne zan riƙa yi wa kaina magana, wannan kuwa akwai sunansa a asibiti. Kada wanda ya kawo mini manhajar sata a matsayin sadaka. Masu shirin zuwa da fatawa su huta, na san ba a yi wa na'ura salla, na karanta littattafan da kuke jingina da su.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan La'asar. Za a naɗe gangar jikin a cikin mayafin Indo mai ruwan toka. Auwalu ne zai ɗauka, tunda shi ya kashe; in ya ga dama ya riƙe ta, ta dace da shi yanzu, tana da sauri kuma ba ta san komai ba. Daga Gyadi-Gyadi za a wuce Darmanawa, gidan Alhaji Shehu, inda zan cire takalmi a zaure in miƙa masa kwafin takardar nan tasa, na bi ta da jan biro da hannuna, kalma bayan kalma, yadda mai gyaran za ta yi. Ban bar jaki ko ɗaya ba. Maganar kwata dai na bar ta, don har yanzu a toshe take. Ana roƙon Sadiya ta fito ko da bakin ƙofa ne. Inda kuma aka ga na taɓa Auwalu a wannan sanarwa, a karanta ɗana; na san abin da Indo za ta sa ke nan da tana nan.

Daga can ni kaɗai zan ƙarasa Tarauni, ba na neman rakiya.

Wassalam.

Na ɗaga kai, ba a ƙara komai ba. To bari in ƙara. Duk takardar da Indo ta gama bugawa takan juyo ta ce, “Malam, ya yi?” ni kuma in ce ba laifi. Indo, gyaranki ya fi rubutuna. Kuma na sha maganin.