Rasuwar Lami, Jitar da Aka Kwashe wa Hanji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a datse, Timoti na unguwar Sintali, makaɗin jita na cocinsu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar jitarsa Lami. Ta cika ne a kan bencin wani mai gyaran rediyo a Kasuwar Jalingo, a rigingine, cikinta a buɗe, babu nata ko ɗaya a kusa.

Ran wata Alhamis ta shigo gidan, shi ya sa aka raɗa mata Lami. Jitar katako ce, ja kamar manja, amma tun daga masana'anta an dasa mata na'urar ɗaukar sauti a ciki, da gurbin batir da 'yan maɓallai a haƙarƙari. A ɗaki takan yi magana a hankali, tirin-tirin, kamar amarya. In an jona ta da lasifika ran Lahadi kuwa, sai matan zumunta su ajiye mafici su miƙe. Ta rako amare, ta rako gawawwaki, ba ta taɓa tambayar wa ya fi wa ba. Ta yi haƙuri da zafin Jalingo. Ta yi haƙuri da Tobiya, ƙanen matar Timoti, wanda ya yi shekaru yana aronta yana murɗa mata kunne da yatsunsa masu kama da ɗanyen rogo, bai kuma taɓa fitar da waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Ciwon ajalinta ba wani ciwo ba ne. Batir ne ya kwana mata a ciki da damina, ya yi ruwa. Tun daga nan, in an murɗa maɓallin ƙara sai ta ɗan yi tari, ƙyar-ƙyar, sannan ta ci gaba da waƙarta. Timoti ya san tarin, yana ma son sa. Tsofaffi da yawa a cocin suna tarin da ya fi wannan, ba a kai su kasuwa an farke ba.

Da Timoti ya tafi ƙauye haƙar doya, Tobiya ya zo gidan da fuskar mai jinya. Ya ce wa yayarsa, “Yaya Abigail, jitan nan yana shan wahala. A cire masa kayan ciki, zai huta.” Ko a wannan rana bai girmama marigayiya ya kira ta da mace ba. Abigail, wadda ta daɗe tana cewa Lami ta fi ta jin ɗumin cinyar mai gida, ta sauko da ita daga ƙusa da hannunta, har ta kaɗe mata ƙura.

Likitan da ya karɓe ta, Sirajuddeen mai gyaran rediyo, bai taɓa riƙe jita ba sai ranar. Shaidu sun ce ya duba ta gaba da baya, ya ce, “Ai duk waya waya ne.” Sukuddireba ta ƙi, ya ɗauko wuƙar yankan lemo. Wuƙa ta ƙi, ya sa filaya ya finciko na'urar. Mai sayar da albasa na kusa da shi ya ji maganarta ta ƙarshe: ƙas! Haƙarƙarinta ne ya tsage har ƙugu.

Timoti ya dawo ya tarar da ita a rataye inda ya bar ta, an cusa tsumma a ramin, an liƙe da salatif. Ya taɓa tsirkiya, ta ce fuf, kamar an bugi kwali jiƙaƙƙe. Ya tambayi matarsa. Ta ce, “Baban Keziah, katako ne fa. Ka ci abinci.” Bai ci ba. Ran Lahadi ya shiga coci hannu rabbana, ya zauna a bencin baya. Can gaba, a wurin da ya saba tsayawa, ga Tobiya da sabuwar riga, rungume da wata jitar gwanjo da aka huda wa gefe. Tobiya ya murɗa maɓalli, lasifika ta ce ƙyar-ƙyar. Timoti ya ji tarin Lami yana fitowa daga cikin baƙuwa, jama'a kuma suna tafi.

Marigayiya ta bar tsirkiyoyi da suka saki jiki, da maɗauri, da jaka mai mataccen zif, da doguwar waya wadda yanzu ba ta da inda za ta shiga. Ta bar Timoti. Ta bar Abigail, wadda ake roƙon masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu su ba ta haƙuri, ta riga ta yi kitso. Ta bar hanjinta a hannun suruki.

Za a ajiye gawa a ƙofar coci ran Lahadi mai zuwa, daidai lokacin da mawaƙa ke shiga, an cire tsumman domin kowa ya leƙa ya ga aikin. Ba a buƙatar kiɗa, musamman daga dangin matar mai makoki. An keɓe wa Sirajuddeen kujera a rana. Tobiya ne zai ɗauki gawa a ka, a ƙafa, daga coci zuwa bayan gida a Sintali, ta hanyar kasuwa, inda za a binne ta gindin mangwaro. Masu haƙa sun zo jiya sun tambayi Timoti tsawon ramin da za su yi. Ya ba su tsawon Tobiya.