Ranar da Na Kai Mai Unguwa Ofishin Haraji

Shekara uku ina yi wa wani kamfanin ƙasar waje aikin fassara daga ɗakina a Kazaure, daga ni sai kwamfuta sai fanka. Ban taɓa jin muryar mai biyana ba. Shi ya sa da aka ce duk mai sana'ar kansa ya je ofishin haraji ya bayyana abin da yake samu, har daɗi na ji: yau dai wani zai tambaye ni aikina.

Ni kuwa na san ƙa'ida. A wurinmu ko gona za ka saya sai da shaidu, balle maganar dala. Na sa babbar riga, na ɗauko mai unguwarmu da liman.

Jami'in ya dube mu mu uku. "Lafiya? Rabon gado ne?"

"Shaiduna ne, yallaɓai," na ce ina gyara hula.

Ya ce takardar banki kawai ake buƙata, ita kuwa ban zo da ita ba. Amma don girmama manya, sai ya tambayi mai unguwa sana'ata.

Mai unguwa ya dubi liman. "Gaskiya mu dai mun ɗauka ba shi da lafiya ne. Ba ya fitowa sai sallah."

Liman ya ce sun ma sha yi mini addu'a.

Daga baya na koma na biya harajina, ni kaɗai. Har yau in na wuce ta majalisa sai a haɗa baki: "Ɗan kamfani, ya jiki?"

Nakan ce da sauƙi. Da can ko wannan ba mai tambayata.