Dubiyar Nanret

Ni dai tausayi ne ya ja mini. Wata biyu da tarewar Nanret a layinmu, na ga fuskarta ta zabge, jijiyoyi raɗa-raɗa a hannu, ba ta cin komai sai farin ƙwai da dafaffen kabeji. Nan take na yanke hukunci: ciwo ne, tana ɓoyewa. Har kuka na yi mata a kan sallaya.

Ran Asabar na tara maƙwabta huɗu, muka tafi dubiya da kunun gyaɗa da farfesu. Tana buɗe ƙofa na kama hannunta, na karya murya.

"Sannu 'yar'uwa. Me likita ya ce?"

"Wane likita, Maman Khalil?"

"Kada ki ji kunya, duk mun gani."

Ta dube mu, ta dubi kwanukan, sai ta fashe da dariya. A falonta ga kofuna jere, ga hotunanta tana murɗe damtse. Ashe gasar nuna ƙirar jiki ce sana'arta, ramar kuma ta shiri ce, saura mako biyu ta tafi gasa a Legas. Buhun dankalin da ya tare mana hanya, da hannu ɗaya majinyaciyar tawa ta kawar.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Farfesun ma mu muka cinye, tana kallo, don ba ya cikin abincin shirinta.

Yau ko atishawa aka yi a layinmu, sai a ce a kira Likita, wato ni. Nanret kuwa, ko a kasuwar Bukuru muka haɗu, sai ta dafe ƙugu ta yi nishi: "Da sauƙi, Likita."