Farin Barashe a Cikin Kofi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da digirina na Tarihi ya kusa shayar da Alhaji Sule giya ba.

Shekara biyu ina zaman kashe wando a Agege, sai na ji Alhaji, babban mai fataucin fata, yana neman tafinta. Ya ce in raka shi wani otal a Ikeja ya gana da Bature. In na yi kyau, aiki nawa ne. Ga shi kuwa na riga na gaya wa Inna na samu.

Muna jiran Baturen, Alhaji ya nuna hoton wani farin abin sha a takardar abinci. "Malam, wannan fa?"

Na karanta: White Russian, wato Farin Barashe. Nan fa bakina ya buɗe (ni da aka kawo fassara, ba lacca ba). Na ce ai Fararen Rasha su ne suka yaƙi 'yan kwaminis, masu cewa babu Allah. Har na ƙara da cewa ana kiran mutanen Belarus haka.

"Madalla da su," in ji Alhaji. "To mene ne a ciki?"

Ban sani ba. Amma na ce, "Madara ce da gahawa, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce a kawo. Mai kawo abincin, wani Bulus ɗan Jos, ya kalli hular Alhaji da carbinsa. "Oga, ka tabbata?" Na galla masa harara, na ce ya kawo biyu.

Ya kawo, ya ƙi tafiya. Wani wari-wari ya bugi hancina, amma girman kai ya ɗaure min harshe. Alhaji ya yi bismillah, kofi ya kusa leɓe.

"Baba, kar ka sha! Akwai giya a ciki!" Bulus ne.

Alhaji ya ajiye kofin a hankali, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Malam," ya ce, "wannan ma'anar ba a koya muku a jami'a ba?"

Har yau Bulus ne tafintan Alhaji. Ni kuwa na koyi kalmomi uku da digirina bai ba ni ba: ban sani ba.